Saƙon da Malam Bai Aiko Ba

Don Ummi na yi ƙaryar nan, ko don kaina? Wata shida ke nan ina juya wannan tambaya. Na shiga takaba da ita, na fita da ita, har yau ban sami amsar da zan iya faɗa a gaban mutane ba.

Sunana Hajara, a Fagge nake, matar marigayi Malam Isa na tashar jirgin ƙasa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malama Binta maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Tun da na fita takaba matan unguwa ke damuna: "Inna Hajara, ke da kika je har Gana, ba ki ba mu labari ba. Yaya garin? Me suke ci?" Sai in ce da su lafiya lau, in kawo wata hira. Yau dai zan ba da labarin duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Ummi ita kaɗai Allah ya bar mana. Huɗu na haifa, uku sun koma tun suna goye. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta na yanka ba, bai kuma taɓa ba ta umarni kai tsaye ba. Yakan ce, "Wa zai aiki uwarsa?" In yana da magana, ni yake gaya wa in kai mata. Haka muka saba shekara talatin da ɗaya, kuma ban taɓa ƙara ko rage kalma ba. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, sai ta kama aikin kwamfuta a wani shago a Sabon Gari. Rubuta manhaja take yi, wato ita ke tsara wa na'ura abin da za ta yi. Ta taɓa yi wa wasu 'yan Kasuwar Singa wata da ke nuna musu a waya wace mota ta iso da wane kaya. Har gida suka zo yi wa Malam godiya.

Sai wata ƙungiya ta zaɓe su, ita da abokiyar aikinta Ifeoma, za a kai su Akra horon mako biyu da jarrabawa. Kowa takardar shaida ɗaya zai nema, kuma takardun iri biyu ne. Ɗaya ta masu rubuta manhaja ce, aikin da Ummi ta riga ta iya. Ɗayar ta masu kula da manyan na'urori ce, waɗanda asibiti ko banki ke ajiye bayanansa a ciki.

Na ce da ita, "Na gane. Ɗaya mai zana hula, ɗaya mai wankin hula."

Ta yi dariya. "Haba Inna! Mai wankin hula in ya makara ba wanda zai mutu. Wannan in ya yi sakaci, likita ba zai ga sakamakon mara lafiya ba."

Abin da na riƙe a cikin bayanin nata guda biyu ne. Wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano yana neman mai takardar kula da na'urori. Ita kuwa takardar manhaja, kamfanin da ke zawarcinsu da ita a Legas yake, kuma an ce daga Legas ma wasu gaba suke yi.

A lokacin Malam ya shekara yana jinya. Ƙafafunsa sun kumbura, kunnensa kuma da ma ya yi nauyi tun zamanin ƙarar jirgi, waya ko ihu ka yi ba ya ji. Ƙannensa suka ce Ummi ba za ta ƙetare ƙasa ba sai da babba a tare da ita. Malam ya ce ni zan raka ta, ƙanwarsa Laraba ta zo ta zauna da shi. Ranar da za mu tashi ya ce da ni, "In ta tambaye ki wacce nake so, ki ce ban ce komai ba. Ita ta san hannunta. Ni na yi shekara talatin ina gadin siginar da ke ba jirgi hanya, ba sai ta gaje ni ba." Na ce to.

A Sabon Gari muka shiga doguwar mota da la'asar. Mahaifin Ifeoma, mai sayar da kayan gyaran mota, ya rako ta, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Mama, 'ya'ya biyu gare ki a tafiyar nan. In ta yi rashin ji ki mare ta." Ifeoma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ta ce, "Mama ba ta mari, harara take yi, kuma ta fi mari zafi."

Kafin mota ta tashi wani mutum ya miƙe ya yi addu'a irin tasu da ƙarfi, mota duka ta amsa. Ni ma na yi tawa a zuci. Yana zama wani ya miƙe da jaka, na zaci shi ma addu'ar ce, na ɗaga hannu. Ashe maganin basir yake talla. Ifeoma ta yi ta dariya har muka wuce Zariya.

A hanya ba su da hira sai ta takardun nan. Ifeoma tun daga gida ta yanke, manhaja za ta yi. Ummi ce ke kai da komo.

"Ke fa kin fi ni iyawa," in ji Ifeoma. "Jarrabawar manhajar nan ido rufe za ki ci. Me zai kai ki koyon sabon abu a mako biyu?"

"Masu rubuta manhaja sun yi yawa. Mai kula da na'ura kuwa ko'ina ana nemansa, aikin ba ya yankewa."

"Ba ya yankewa mana, tunda ko ranar Sallah na'ura ta tsaya ke za a kira. Kuma ba wanda zai san sunanki sai ranar da abu ya lalace."

"Haka Baba ya yi rayuwarsa, bai wulaƙanta ba."

"Ni ba Baba nake tambaya ba. Wanne kike yi ki manta ba ki ci abinci ba?"

Ummi ta hau latsa wayarta. Ni na san amsar, don ni ke ɗumama mata tuwon. Na juya kai wajen taga.

Gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa. Legas ban ga komai nata ba sai mutane da ƙara, da wata mai abinci da ta zuba min miya ja wur, na ci loma biyu na sha ruwa leda uku. Muka kwana a wani masauki kusa da tasha, da asuba muka shiga motar Akra.

Iyaka uku muka ƙetare a yini ɗaya. Kowace sai an sauka, a bi layi, a nuna fasfo da katin allura. A ta farko wani jami'i ya buɗe jakata, ya ci karo da ƙullin daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya, ya kira na biyu. Na biyun ya shinshina garin kuka, ya yi atishawa. Suna ta magana da Faransanci, ni ina ta rantsuwa da Hausa. Sai wata mai sayar da ayaba a gefe, ashe Bahaushiyar Kwatano ce, ta ce da su kayan miya ne, ta kuma ce da ni, "Hajiya, in za su ƙwace ki ba ni, na shekara ban ga ta Kano ba." Na gutsura mata. A wajen cika takarda kuwa, kowa ya sa hannu, ni aka kawo min tawada na dangwala yatsa. Na yini da babban yatsa shuɗi.

A Lome hanya ta bi bakin teku. Ifeoma ta taɓa ni: "Mama, ga dam ɗin Tiga na ƙasar nan." Ruwa ne ba a hango ɗaya gefen. Na yi salati. Abin da ya zo min shi ne Malam bai taɓa ganinsa ba, shi da ya yi ta tura jirgi zuwa Legas.

A Akra 'yan horo ɗakunan kwana aka ba su, amma ba a shirya da uwa ba. Sai aka haɗa mu da wata Hajiya Mariyama a unguwar Nima, inda Hausawa suke, ta ba ni da Ummi ɗaki. Kakanninta daga Katsina suka je fataucin goro. Tana ganina ta ce, "Sannu da zuwa, ka gaji?" Na waiga in ga namijin da ke bayana. Ashe Hausarsu haka take, mace da namiji duk ɗaya. Mace ce mai kirki da surutu. Da safe koko da ƙosai kamar gida, sai dai kokonsu ya fi yaji. Da rana shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo. Na ce ya kwana ne? Ta ce da gangan ake tsamar da shi. Ban iya shi ba har na taho.

Ranar Litinin za a cika takardar zaɓi. Bayan sallar asuba muna shan koko, Ummi ta ajiye kofi ta ce, "Inna, Baba bai ce komai ba?"

Malama, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki gyara min. Ban yi tuntuɓen baki ba. Na san abin da Malam ya ce. Amma a lokacin ɗakinmu na Fagge na gani, ba Malam, ba Ummi, ni kaɗai da tabarma. Sai na ce, "Ya ce ki yi irin aikinsa. Ya ce tsaron abu ya fi ƙirƙirarsa daɗewa."

Har da ƙarin da na yi don maganar ta yi kama da tasa.

Ta dube ni kaɗan, ta ce, "To." Ta shanye kokonta, ta ɗaura ɗankwali. Ba za ta iya kiransa a waya ba, kuma ko da za ta iya, ba za ta yi ba. A gidanmu ba a bin bayan saƙon uba.

Na raka ta makarantar a ranar. A ƙofa na tuɓe takalmina don na ga daɓen yana ƙyalli, mai gadi ya biyo ni da su a hannu. Aka zagaya da mu, har wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, cike da dogayen akwatunan ƙarfe masu ƙiftawar fitila, suna gurnani ba tsayawa. Mai kula da su wani dattijo ne da rigar sanyi. Ummi ta fassara min abin da ya ce: shekara goma sha ɗaya bai taɓa kashe wayarsa ba. Daga nan aka raba su. Ifeoma ta shiga ɗaki na dama, Ummi ta shiga na hagu. Ifeoma ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe.

Da yamma ta biyo mu Nima. Ummi ta shiga wanka, sai ta matso kusa da ni.

"Mama, Baba da bakinsa ya faɗi haka?"

Na ce, "Ke Ifeoma, yaushe kika fara tuhumar manya? Haka ake yi a gidanku?"

Ta sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Mama." Yarinyar da ta riƙe min jaka tun daga Kano, ta kuma tsaya min a kowace iyaka. Na rufe mata baki da furfurata. Daga ranar ba ta ƙara tsokanata ba, gaisuwa kawai.

Mako biyun nan Ummi ta sha wuya. Komai sabo ne a wurinta. Ta ce jarrabawar ba tambaya da amsa ba ce, na'ura za a lalata a ba ka, a ce ka tayar da ita kafin lokaci ya cika. Ta rame, idonta ya yi ja. Wata rana na ga ta buɗe ƙaramar kwamfutarta a kan wani aiki nata da ta daɗe tana yi, na taimaka wa masu ɗinki a Fagge su riƙa ajiye awon mutane. Ta kalle shi, ta rufe, ta jawo littafin horo. Ina zaune ina ɓare gyaɗa. Da na buɗe baki a ranar, da wataƙila an bar ta ta sauya ɗaki. Na ci gaba da ɓare gyaɗa.

Ranar Asabar na ji kiɗa a bayan layinmu. Na leƙa na ga rumfuna da kujeru, mutane cikin ja da baƙi, ana rabon abinci, ana rawa. Na ce da Hajiya Mariyama mu je mu ga amarya. Kafin ta hana ni har na isa wajen wata mata da ke zaune a gaba, na ce, "Allah ya ba da zaman lafiya." Hajiya ta ja ni gefe tana salati: "Jana'iza ne! Mijinsa ne ya mutu!" Ga hoton mutumin nan ƙato a jikin rumfa, ni na zaci ango ne. Ta ce wata uku da rasuwarsa, yana ajiye a asibiti sai da dangi suka taru. Na ce mu a Kano wanda ya rasu da safe ba ya kai la'asar. Ta ce su ma Musulmin nan haka suke yi, wannan al'adar maƙwabta ce.

Muna tsaye sai wata budurwa ta miƙe da takarda tana karantawa tana kuka. Na tambaya, aka ce 'yarsa ce, tana faɗa wa jama'a maganganun da ubanta ya gaya mata. Na ce da Hajiya rana ta dame ni, na koma ɗaki.

Dukansu biyu suka ci jarrabawa. Ummi da ƙyar, in ji ta, saura kaɗan lokaci ya ƙare na'urar ta tashi. Ifeoma ta yi tsalle ta rungume ta. Ummi ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba zai ji daɗi." Hajiya Mariyama ta yi mana guzurin baƙin yajin nan a kwalba, kwalbar ta fashe a jakata kafin Lome, yajin ya ɓata min mayafi biyu. Ban da wannan ban riƙe komai na dawowa ba. Iyakokin nan uku na bi su kamar wadda ake kai wa gaban alƙali.

Muka iso Fagge ranar Talata da hantsi. Laraba ta tare mu a zaure ta ce jikin ya ƙara nauyi. Muka same shi a jingine da filo, ya rame, amma idonsa tar. Ummi ta durƙusa, ta ɗora masa takardar a cinya, ta kai bakinta kusa da kunnensa ta ɗaga murya.

"Baba, na yi wadda ka ce! Ta kula da na'urori! Irin aikinka!"

Ya ce, "Wadda na ce?"

"Wadda ka gaya wa Inna!"

Ya ɗago ya dube ni. Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan, bai taɓa yi min kallo mai tsawon wannan ba. Ina tsaye da jaka a hannu, na kasa ajiyewa. Sai ya mai da idonsa kan takardar, ya shafa ta da tafinsa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Ummina. Allah ya sa ki ci moriyarta."

Asibitin nan sun ɗauke ta. Tana nan a Kano, a ɗakin da ke kallon nawa, yadda na so. Wayarta ba ta mutuwa, an kira ta ranar sadakar arba'in ta ubanta ma, ta tafi da jan ido. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Aikin masu ɗinkin nan ba ta ƙara buɗe shi ba. Makon jiya Ifeoma ta zo daga Legas, ta ce ƙungiyar za ta sake ɗaukar mutane, kuma an yarda wanda ya yi ɗaya ya dawo ya yi ɗayar, ranar Juma'a za a rufe karɓar suna. Ina daga ɗaki na ji Ummi ta ce, "Bar shi, Ifeoma. Wasiyyar Baba ce. Abu ɗaya ya taɓa nema a wurina duk rayuwarsa."

Shi ya sa na kira Malama Binta yau ranar Laraba. In ta gama za ta bar min takardun, in Ummi ta dawo daga aiki in zaunar da ita in faɗa mata da bakina, sannan in miƙa mata ta karanta, don na san kaina, zan iya tsallake wani wuri. Ku kuma matan unguwa sai ta ga dama a karanta muku. Ban san ko za ta tafi Legas ba. Ban san ko za ta ƙara ce min "to" kamar da ba.

Kwana uku Malam ya yi bayan dawowarmu. Ya karɓi abinci daga hannuna, ya bar ni na shafa masa mai a ƙafa, bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Rana ta huɗu bayan azahar Ummi ta tafi kai takardunta asibitin, Laraba tana tsakar gida tana wanki. Na kawo masa kunu. Ya sha cokali biyu ya kau da kai. Na tashi zan fita da kwanon, sai ya riƙo gefen zanena. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na sunkuya. Bayan wannan bai ƙara magana da kowa ba sai kalmar shahada, kafin la'asar ya cika.

Ya ce, "Hajara, ban ƙaryata ki a gabanta ba, don ke uwarta ce. Na san tsoron da kike ji. Amma ki gaya mata. Kada ki bar ni a ƙasa da maganar da ban faɗa ba."